Yadda Kwamfuta Ta Koyi Karɓar Baƙo

Mai karatu, a ce laftof ɗaya gare ka, Windows ke kanta, duk takardunka da hotunanka suna ciki. Kana son gwada Linux, amma kana tsoron kuskure ɗaya ya shafe maka komai. Sai aboki ya ce ka sauke VirtualBox, ka girka Ubuntu a ciki. Nan da ɗan lokaci ga wata kwamfuta tana tashi a cikin taga guda a fuskar taka. Za ka ɗauka sabuwar dabara ce. To ba haka ba ne: ta girmi kwamfutar tebur ta IBM da kusan shekara 15.

Labarin ya faro ne a wata cibiyar bincike ta kamfanin IBM da ke Kambirij, jihar Masachusets ta Amurka. A wancan zamani kwamfuta ɗaya kan cika ɗaki, ga tsada, ga mutane da yawa na jiran layi. Masu bincike suka rubuta wata manhaja mai suna CP-40, wadda ta fara aiki a 1967. Aikinta shi ne ta raba inji ɗaya zuwa kwamfutocin kwaikwayo har 14, kowane mai amfani yana ganin kamar shi kaɗai ke da injin. In ɗaya ya yi ɓarna, tasa ce kawai za ta faɗi. A 1972 IBM ta fitar da wannan tsari kasuwa da sunan VM/370.

Yaya abin yake aiki? Ka ɗauki babbar manhajar da ke ciki a matsayin baƙo, manhajar da ke kula da ita kuma mai masauki. Baƙo na yin harkokinsa kai tsaye a kan masarrafar kwamfuta, babu mai tsayar da shi. Amma da zarar ya miƙa hannu ga abin da ya shafi gidan gaba ɗaya, kamar rabon ma'adana ko sarrafa faifai, sai masarrafar ta dakatar da shi, ta kira mai masauki. Shi kuma ya yi aikin a madadinsa, ya mayar masa da amsa, baƙo bai ma san an yi ba. A 1974 Gerald Popek da Robert Goldberg suka rubuta sharaɗin a fili: dole kowane umarni mai haɗari ya zama irin wanda ke jawo wannan dakatarwa.

Nan ne matsala ta ɓullo. Kwamfutar tebur da IBM ta fitar a 1981 tana amfani da masarrafar Intel ta dangin x86, kuma wannan dangi bai cika sharaɗin ba. An lissafa umarni 17 a Pentium waɗanda baƙo zai iya bayarwa ba tare da an kira mai masauki ba. Wani ma, POPF, shiru yake yi ya ƙi cika wani ɓangare na aikin, babu ko gargaɗi. Dalilin da ya sa ke nan aka daɗe ana ganin abin ba zai yiwu a kwamfutar gida ba.

Kamfanin VMware, wanda aka kafa a 1998 a Kalifoniya, shi ya samo hanya. Cikin waɗanda suka kafa shi akwai Diane Greene da Mendel Rosenblum, malami a Jami'ar Stanford. Dabararsu ita ce manhaja ta riƙa karanta umarnin baƙo kafin ya isa ga masarrafa, ta musanya masu haɗarin da wasu marasa illa. A 1999 suka fitar da VMware Workstation, mutum ya iya tayar da Windows a cikin Linux.

Daga baya masu ƙera masarrafa suka gyara abin daga tushe. Intel ta kawo VT-x a 2005, AMD ta kawo AMD-V a 2006. A 2007 kamfanin Innotek na Jamus ya saki VirtualBox kyauta, a shekarar ce kuma KVM ya shiga cikin Linux.

To me wannan tarihi zai amfana maka yau? Abu biyu. Na farko, in VirtualBox ya ƙi tashi yana ƙorafi kan VT-x, ba lalle kwamfutarka ce ta gaza ba. Sau da yawa a kashe yake a saitin BIOS, sai ka shiga ka kunna. A injin AMD kuwa ka nemi SVM. Sababbin nau'o'in VirtualBox sun daina amfani da tsohuwar dabarar musanya umarni, don haka ba sa aiki sai da shi.

Na biyu, lokacin girkawa Ubuntu zai tambaye ka ko ya goge faifai duka. Nan gaban mutane da yawa ke faɗuwa. In dai a cikin tagar VirtualBox kake, faifan da baƙo ke gani fayil ne kawai da mai masauki ya ware masa, takardunka na can waje, hannunsa ba ya kaiwa. Ka tabbatar a cikin tagar kake, sannan ka danna.