Ranar da Jamus ta ce a ajiye Internet Explorer

Jama'a, jiya a ofis na ga kwamfutar wani abokin aiki, alamar sabunta burauzarsa har ta yi ja a kusurwa. Na ce ya danna mana. Ya ce shafukansa sun kai ashirin a buɗe, ba ya son su ɓace, kuma wai "mu wa zai neme mu?" Wannan maganar ce ta tuna mini da wani tarihi.

A ranar 12 ga Janairun 2010, kamfanin Google ya sanar da cewa an yi masa kutse tun watan Disambar 2009, kuma ya bi sawun harin har ƙasar Sin. An sace masa bayanan fasaha, an kuma yi ƙoƙarin shiga akwatunan Gmail na masu fafutukar kare haƙƙin ɗan Adam na Sin. Ya ce aƙalla wasu manyan kamfanoni 20 ma an kai musu irin wannan hari. Kamfanin tsaro na McAfee ne ya raɗa wa harin suna Aurora.

To ta ina suka shiga? Ta wata ɓaraka a burauzar Internet Explorer, musamman tsohuwar nan ta 6. Za a turo wa ma'aikaci saƙo mai ɗauke da adireshin wani shafi. Yana dannawa, shafin ya buɗe, shi ke nan, muguwar manhaja ta sauka cikin kwamfutarsa ba tare da ya ga komai ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin takaici, Microsoft ya amsa cewa ya san da ɓarakar tun watan Satumban 2009, amma ya tsara fitar da facinta sai Fabrairu. Kwanaki kaɗan bayan sanarwar Google, aka watsa hanyar kai harin a intanet, duk mai so ya ɗauka. Hukumar tsaron bayanai ta Jamus ta shawarci jama'a su koma wata burauzar kafin a gyara, Faransa ma ta bi sahu. Dole Microsoft ya fitar da facin gaggawa ranar 21 ga Janairu. A watan Maris kuma Google ya karkatar da shafin bincikensa na Sin zuwa Hong Kong.

Nan amsar abokina take. Makamin da aka ƙera don manyan kamfanoni, cikin kwanaki ya zama kayan aikin ƙananan ɓarayi, su kuwa ba sa zaɓen mutum. Duk wanda bai yi faci ba nasu ne. A burauzar nan muke buɗe imel na ofis, mu shiga banki, har mu bar ta ta adana mana kalmomin sirri.

An koyi darasi, ba laifi. A 2013 Google ya ce kwana 7 kacal zai jira kafin a bayyana ɓarakar da ake riga ana kai hari ta cikinta. A 2014 ya kafa tawagar Project Zero mai farautar irin waɗannan ɓaraka. An yi wa Internet Explorer ritaya ranar 15 ga Yunin 2022. Amma matsalar ba ta mutu tare da ita ba. A Satumban 2023 an gano wata ɓaraka a yadda ake buɗe hotuna nau'in WebP, ta shafi Chrome da Firefox da Edge gaba ɗaya, kuma an riga an fara amfani da ita kafin facin ya fito.

Abin da da yawanmu ba mu lura da shi ba: burauza na sauko da facin da kanta, amma ba ya fara aiki sai an rufe ta an sake buɗewa. A Chrome, danna ɗigo ukun nan na sama, ka shiga Help, sai About Google Chrome, ka bari ya gama, ka danna Relaunch. Shafukanka za su dawo. A waya kuma ka leƙa Play Store. Masu Windows 7 ku sani, Chrome ya tsaya muku a lamba 109 tun farkon 2023, ba sauran faci. Irin wannan kwamfuta kada a shiga banki da ita.

Abokin nawa dai ya danna a gabana, bai kai minti biyu ba, shafukansa duk suka dawo. Allah Ya tsare mu da dukiyoyinmu.