Tarihin Kirsimeti a Ƙasarmu: Da Can da Yanzu

Kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, sanyi ya sauko. A wannan lokaci ne Kirista suke yin sallarsu ta Kirsimeti, wadda wasu ke kira Nowel, ran 25 ga watan Disamba. Ko kai Musulmi ne ko Kirista, zauna ka ji tarihinta, don akwai abin da ya shafi rumbunka a ciki.

Kirsimeti tunawa ce da haihuwar Yesu Almasihu, wanda Musulmi suka sani da Annabi Isa ɗan Maryamu. Linjila ta ce a Baitalami aka haife shi. Iyayensa baƙi ne, ba su sami masauki ba, sai aka kwantar da jariri a wurin da dabbobi ke cin abinci. Makiyaya ne suka fara zuwa barka. Ka ga tushen abin na talakawa ne. Kiristan farko ma ba su ware wa haihuwar rana ba. Daga baya, a birnin Rum, aka sami rubutun da ya nuna ana yin bikin ran 25 ga Disamba a shekarar 336.

Yaya ta iso wajenmu? A 1924 ƴan mishan na SIM suka sauka Damagaram. Bayan ƴan shekaru suka zauna a Tsibirin Gobir, cikin ƙasar Gidan Rumji ta yau. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. Mutane suka koyi karatu da harshensu, kamar yadda kake koyo yanzu. Sannu a hankali ƙananan majami'u suka bayyana a ƙauyuka, har wajen Agye da Gazawa.

Tambayi dattawan da suka ga wancan zamani. Majami'ar laka ce ko ta kara. A ƙafa ake zuwa, ko bisa jaki. A wanke tufafin da ake da su, a taru, a yi waƙa, a karanta labarin haihuwa. Mata su tuƙa tuwo, a ci tare, a aika wa maƙwabta Musulmi. Su ma in Sallar Layya ta zo, su aiko da nama. Ba wanda ya ci bashi, ba wanda ya ji kunya.

Da kuɗi suka yawaita, kaya suka cika kasuwar Maraɗi, sai biki ya sake kama. Yanzu ana son sabon zane, takalman yara, shinkafa, taliya da lemun kwalba. Mai gida da ba shi da kuɗi sai ya buɗe rumbu. To, a Disamba hatsi yana da araha, don kowa na da shi. Tiyar da ka sayar yau, da tsada za ka saye ta in damina ta faɗi, lokacin da noma ke son ƙarfi. Waɗanda suka ga yunwar 1984 da ta 2005 sun san darajar dami ɗaya.

Saboda haka komawa ga sauƙin da ba ci baya ba ne. Kafin biki, ku zauna da uwargida ku ƙidaya dammanku. Ku rubuta abin da zai kai ku sabon hatsi, kada a taɓa shi. Abin da ya ragu shi ne na biki. Daidai ruwa, daidai tsaki. A majami'a a haɗa tukunya guda, kowa ya kawo abin da ya iya. Zumuntar mata kada ta tilasta wa kowa sayen zane. A kai wa gwauruwa da maraya da majinyaci rabonsu. A ziyarci dangi, ai zumunci a ƙafa yake.

Ɗan'uwa Musulmi, maganar nan taka ce ita ma, ran Salla da ran suna da ran aure. Ku tattauna ta a ajin yaƙi da jahilci. Allah ya kai mu baɗi da rumbu a cike.