Gina gida da riƙon gida: tarihin ƙungiyar FC United ta Manchester

A watan Mayu na shekarar 2005, wani attajirin Amurka mai suna Malcolm Glazer ya mallaki ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Manchester United a kan kuɗi kimanin fam miliyan 790. Mafi yawan kuɗin rance ne, kuma aka ɗora nauyin biyansa a kan ƙungiyar, wadda kafin wannan lokaci babu mai bin ta bashi. Magoya baya da yawa sun yi fushi amma suka haƙura. Wasu ƴan dubbai kuwa, waɗanda dama sun gaji da tsadar tikiti da yadda gidajen talabijin ke sauya lokutan wasa, suka yanke shawarar kafa tasu ƙungiyar. Haka aka haifi FC United of Manchester.

Tsarin da aka aza

Waɗanda suka kafa ta sun fara da rubuta dokoki kafin su nemi ƴan wasa. Ƙungiyar mallakar mambobinta ce, kowane mamba yana da ƙuri'a ɗaya komai yawan abin da ya bayar. Su ke zaɓen kwamitin gudanarwa. An amince kuɗin shiga ya kasance daidai ƙarfin talaka, a jawo matasan unguwa, a guji mayar da wasa kasuwanci, kuma duk ribar da aka samu ta koma cikin ƙungiya. Ko sunan kamfani ba a yarda a buga a gaban riga ba, alhali wannan na daga cikin manyan hanyoyin samun kuɗi na kowace ƙungiya a Ingila.

Ƴan wasan ba su dogara da ƙwallo kaɗai ba: kowa yana da sana'arsa da rana, a yi atisaye da yamma, a ba shi ɗan alawus. An naɗa Karl Marginson mai horarwa a watan Yuni na 2005, aka shiga gasa a mataki na 10 na ƙwallon Ingila, ana hayar filin Gigg Lane na ƙungiyar Bury. Nasara ta zo da wuri. Shekara uku a jere ana hawa mataki, kuma a watan Afrilu na 2006 mutum 6023 suka halarci wasa guda, adadin da ba a saba gani ba a irin wannan rukuni. A Nuwamba 2010, a gasar cin kofin FA, suka doke Rochdale, ƙungiyar ƙwararru, da ci 3 da 2.

Neman gidan kai

Sai dai ɗan haya ba ya tara abin kirki. Kuɗin hayar fili yana cinye kaso babba na abin da aka samu a ƙofa, kuma ayyukan da aka yi wa unguwa alkawari suna buƙatar mazauni. Don haka dukan shirin dogon zango ya taru a kan abu guda, wato gina fili. A 2010 aka zaɓi wuri a Newton Heath, unguwar da Manchester United ta samo asali, amma a 2011 majalisar birnin ta janye daga wannan shiri saboda tsuke bakin aljihu da gwamnati ta yi. Aka koma unguwar Moston, inda wasu mazauna suka ƙi yarda har suka kai ƙara kotu. Sai a Nuwamba 2013 aka fara gini.

Hanyar da aka bi wajen tara kuɗi abin lura ce. Mambobi suka sayi hannun jari na al'umma har kimanin fam miliyan 2, bisa sharaɗin cewa yawan jarin mutum ba ya ƙara masa ƙuri'a. Sauran ya fito daga tallafin hukumomin wasanni da na majalisar birni, da kuma rance. Filin Broadhurst Park, mai ɗaukar mutum 4400 a lokacin da aka buɗe shi, ya ci fam sama da miliyan 6. An buɗe shi ranar 29 ga Mayu 2015 da wasan sada zumunta da Benfica ta Fotugal, ƴan makonni bayan ƙungiyar ta lashe gasarta ta hau mataki na 6.

Shekarar rikici

A wannan rana ta farin ciki ce ɓaraka ta fara bayyana. An ƙara kuɗin ɗan littafin da ake sayarwa a ranar wasa daga fam 2 zuwa 2 da rabi. Ƙarin ba shi da yawa, amma wasu mambobi suka ga an taka ƙa'idar guje wa kasuwanci, kuma abin da ya fi ɓata musu rai shi ne yadda shugabanni suka amsa ƙorafin. A Nuwamba 2015 kuma aka mayar da wasansu na kofin FA da Chesterfield zuwa daren Litinin domin talabijin, ba da son ƙungiyar ba. Abin da suka gudo dominsa ya biyo su har gida.

Daga nan zarge-zarge suka yawaita: ana cewa kwamiti ba ya bayyana yadda ake yanke shawara, kuma ana ba da ayyuka ga na kusa. A 2016 babban manaja Andy Walsh, wanda ya riƙe aikin tun farko, ya sauka. Mafi yawan ƴan kwamiti suka yi murabus, aka zaɓi sababbi a tsakiyar shekarar. Kafin shekarar ta ƙare, sabon kwamitin ya sanar da mambobi cewa baitulmali na cikin mawuyacin hali, har sai da aka nemi sassauci daga majalisar birni. Marginson ya bar aiki a Oktoba 2017 bayan shekara 12, kuma a 2019 ƙungiyar ta faɗo mataki a karo na farko a tarihinta.

Inda gizo ya yi saƙa

Dokokin 2005 sun amsa tambayar wane ne mai ƙungiya, amma riƙon fili ya zo da wasu tambayoyin da ba a tanada musu amsa sosai ba. Ƙungiyar da ke hayar fili, ƴan sa-kai da ƴan ma'aikata kaɗan sun isa su tafiyar da ita. Mai filin kanta kuwa tana da bashin da za ta biya kowane wata, da kuɗin wuta da gyara da inshora, ko an yi wasa ko ba a yi ba. Wannan yana buƙatar ma'aji ƙwararre, da kwamitin da zai iya tuhumar manaja ko da abokin gwagwarmaya ne. Shekaru da dama an sa hankali duka a kan ranar buɗe fili, lissafin shekarun da za su biyo baya bai samu irin wannan kulawa ba.

Akwai kuma saɓani tsakanin ƙa'ida da buri. Mambobi suna son tikiti mai rahusa da riga marar talla, suna kuma son a yi gogayya da ƙungiyoyin da attajirai ke zuba wa kuɗi. Dole ɗaya ya rage wa ɗaya, kuma babban taron mambobi ne ya kamata ya faɗi wanne, a fili, kafin kakar wasa ta fara. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ƙungiyar al'adu ko ta iyayen yara ya san irin wannan hali: an yi karo-karo an gina ɗaki, sannan a rasa wanda zai biya kuɗin lantarki, a shiga zargin juna.

Duk da haka, tsarin ƙuri'a ɗaya ga kowa shi ya ba da mafita. Mambobi sun canza shugabanni ta hanyar zaɓe, ba wanda ya iya sayar da filin ko ya ɗauke ƙungiyar zuwa wani gari. Bury, wadda ta ba su haya shekara tara, tana hannun mutum guda lokacin da bashi ya ci ta, aka kore ta daga gasar ƙwararru a watan Agusta 2019. FC United kuwa ta ci gaba da wasa a Moston, kuma a 2022, a birnin Rimini na Italiya, ta ɗauki kofin Fenix, gasar da aka shirya wa ƙananan ƙungiyoyin Turai irinta.