Buchi Emecheta da Littafin da Aka Ƙona

Yau ba ci gaban labari na kawo muku ba, tarihin wata marubuciya ce 'yar ƙabilar Ibo, Buchi Emecheta, wadda na daɗe ina son mu duba rayuwarta, musamman mu da muke rufe littattafanmu da shagalin biki.

An haife ta a Legas ranar 21 ga Yuli, 1944, amma asalin iyayenta mutanen Ibusa ne, cikin jihar Delta ta yanzu. Mahaifinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya rasu tana ƙarama. Ƙwazonta ya sa ta samu tallafin karatu a makarantar 'yan mata ta Methodist da ke Yaba. Tana da shekara 11 aka yi mata baiko, tana 16 aka ɗaura, a 1960. Mijin ya wuce Landan karatu, ita kuma ta bi shi da yara biyu a 1962.

A can ne zama ya yi tsami. Ita ce mai fita neman na cefane, har ta samu aiki a ɗakin karatu na babban gidan tarihin Birtaniya a 1965, ga haihuwa kusan duk shekara, ga duka. Cikin wannan hali ta riƙa satar lokaci tana rubuta labarinta na farko. Da ta gama sai ta miƙa wa maigida don ya duba. Bai karanta ba. Wuta ya sa masa.

To jama'a, duk wanda ya taɓa cika littafin rubutu da biro, dare bayan dare, ya san abin da wannan ke nufi. Babu kwamfuta, babu wani kwafi a ajiye. Ni kam ko shafi biyu yaro ya yaga min, ranar ba na iya cin abinci. Daga baya ta kwatanta abin da ƙona mata ɗa. Ta jure duka shekara da shekaru, amma bayan wannan ba ta ƙara daɗewa a gidan ba. A 1966, tana da shekara 22, ta kwashe 'ya'ya huɗu da cikin na biyar ta fita.

A irin littattafanmu, nan ne wani attajiri mai tausayi zai ɓullo da mota. Ita babu wanda ya ɓullo. Gidajen gwamnati na marasa galihu ta faɗa, cikin sanyi da ƙazanta, baƙar fata, ba miji, ba dangi. Da rana aiki, da yamma karatu, har ta samu digiri a fannin nazarin zamantakewa daga Jami'ar Landan. Rubutu kuwa sai da asuba, kafin yara su tashi. Abin da take gani a waɗannan gidaje shi ta riƙa aika wa mujallar New Statesman, aka haɗa shi ya zama littafinta na farko da ya fito, In the Ditch, wato cikin kwatami, a 1972. Tauraruwar sunanta Adah, kuma kowa ya san Buchi ce.

A 1974 ta fitar da Second-Class Citizen, inda ta koma baya ta ba da labarin auren kansa. A ciki ne mijin Adah, Francis, ya ƙona rubutunta, sannan a gaban alƙali ya ce shi bai san da aure ba, bai san da 'ya'ya ba, don ya riga ya ƙona takardun shaida. Littafin kuma 'ya'yanta ta sadaukar wa, har tana yaba hayaniyarsu. Wannan ya burge ni ƙwarai, don sau da yawa yara muke ɗora wa laifin rashin gama littafi.

Amma inda na fi so mu tsaya shi ne 1976, shekara goma bayan fitarta, lokacin da littafin nan da aka ƙona ya dawo duniya da sunan The Bride Price, wato kuɗin aure. Labarin Aku-nna ne, yarinyar da mahaifinta ya rasu aka mayar da su ƙauye, ta kamu da son malaminta Chike, wanda danginta ke ƙyama saboda jikan bayi ne. Suka gudu suka yi aure, ƙanin uba ko wan uba da ya gaji uwarta ya ƙi karɓar kuɗin auren. A camfin garin, macen da ba a karɓi kuɗin aurenta ba ba za ta tsallake haihuwar fari ba.

A tarihin rayuwarta, Head Above Water, na 1986, Buchi ta bayyana cewa rubutun farko da daɗi ya ƙare, masoya suka yi zamansu lafiya ba ruwansu da dangi. A na biyu kuwa Aku-nna mutuwa ta yi wajen haihuwa. Ku duba fa: lokacin da take cikin uƙuba ta rubuta ƙarshe mai daɗi, da ta samu 'yanci sai ta kashe yarinyar. Ni a ganina matar da ke cikin wahala mafarki take buƙata, shi ya sa ta rubuta mafarki. Wadda ta fita kuwa ta riga ta ɗanɗana kuɗin da ake biya idan an rabu da kowa, ba za ta iya yi wa mai karatu ƙarya ba. Wasu na cewa ta ba camfi gaskiya da wannan ƙarshe. Ban yarda ba. Tsoro da kaɗaici da ƙarancin shekaru ne suka ci Aku-nna, kuma Buchi ta san ukun nan ciki da bai.

Daga nan ƙofa ta buɗe. The Slave Girl ya fito a 1977 ya ci kyautar Jock Campbell. A 1979 sai The Joys of Motherhood, wanda ya fi kowanne suna, labarin Nnu Ego da ta ƙarar da ƙarfinta kan 'ya'ya ta mutu ita kaɗai a bakin hanya. Mai 'ya'ya biyar ce ta rubuta wannan, ba wadda ba ta san zafin goyo ba. Ta koyar a Jami'ar Kalaba a 1980, kuma ita da ɗanta sun kafa kamfanin ɗab'i nasu, Ogwugwu Afor, don ta riƙa buga kayanta da kanta, abin da mu a nan muka sani sarai.

Littattafanta sun haura 20. A 2005 Birtaniya ta ba ta lambar girma ta OBE. Shanyewar ɓarin jiki ta same ta a 2010, bayan ta riga ta binne biyu daga cikin 'ya'yan nan da ta fito da su. Ta rasu a Landan ranar 25 ga Janairu, 2017, tana da shekara 72.