Anna May Wong: 'Yar Mai Wanki Da Guga Da Ta Zama Baƙuwa A Gida Biyu

A wannan fitowa filinmu na tarihi zai ƙetare teku zuwa Amurka, mu kawo muku labarin wata mata jinin ƙasar Sin mai suna Anna May Wong, wadda ta yi tashe a zamanin da fim bai fara magana ba. Wani zai ce, ina ruwan mutanen zango da 'yar wasan sinima ta shekara ɗari da ta wuce? To, a yi haƙuri a bi mu zuwa ƙarshe. Ita ma 'yar zango ce irin ta can. A ƙasar aka haife ta, a ƙasar aka haifi iyayenta, amma har ta koma ga Mahaliccinta ana tambayarta daga ina ta zo.

Bari mu fara yi wa yara bayanin irin fim ɗin da muke nufi. A farkon sinima hoto ne kawai ke motsi a jikin allo, ba a jin muryar kowa. In ana son a san abin da ɗan wasa ya faɗa, sai a nuna rubutu, a gefe kuma ga mai kiɗa yana ɗebe wa 'yan kallo kewa. Irin wannan ne aka fara nunawa a Legas, a zauren Glover, cikin 1903. Sai a 1927, da fitowar wani fim mai suna The Jazz Singer, murya ta fara shiga kasuwa. Saboda haka jarin ɗan wasa a wancan lokaci shi ne fuskarsa da idanunsa da hannuwansa. A wannan fanni kuwa Allah ya ba yarinyar nan baiwa.

Yadda Sinawa suka je Amurka bai yi nisa da yadda kakanninmu suka zo kurmi ba, wato neman abinci. A 1848 aka gano zinariya a jihar Kalifoniya, sai mutanen kudancin Sin, musamman na lardin Guangdong, suka yi ta kwarara. Bayan haƙar zinariya, dubbansu suka yi aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa da ta haɗa gabashin ƙasar da yammacinta, wadda aka gama a 1869. Da aiki ya ƙare sai ido ya koma kansu, aka ce sun zo suna ƙwace wa 'yan ƙasa abinci. A 1882 majalisar Amurka ta yi doka ta hana leburorin Sin shigowa, ta kuma hana waɗanda suka riga suka shigo zama 'yan ƙasa. Da yawansu suka koma wanki da guga da sayar da abinci, sana'o'in da ba sa bukatar jari mai yawa. A 1898 ne kotun ƙoli ta yanke hukunci, a shari'ar wani mai suna Wong Kim Ark, cewa ɗan Basine da aka haifa a Amurka ɗan ƙasa ne. Amma hukuncin alƙali daban, abin da ke cikin zukatan mutane daban.

An haifi Anna ranar 3 ga Janairu, 1905, a birnin Los Anjalis, dab da unguwar Sinawa. Sunan da iyayenta suka raɗa mata shi ne Wong Liu Tsong. Mahaifinta Wong Sam Sing yana da shagon wanki da guga, kuma 'ya'yansa sun taso suna taya shi aiki a ciki. Shi da matarsa duk haihuwar Kalifoniya ne, asalin gidansu kuma yankin Taishan. Da aka sa ta makarantar gwamnati tare da yayarta, 'ya'yan Turawa suka dame su da tsokana da zagi, har uban ya cire su ya mai da su makarantar mishan ta Sinawa. Bayan an tashi daga boko kuma sai su wuce makarantar koyon yaren gida, kamar yadda namu kan wuce Islamiyya da yamma.

A daidai wannan lokaci masu shirya fim suka fara tarewa a Los Anjalis, suna yawan zuwa unguwar Sinawa ɗaukar hoto. Yarinya ta riƙa kewaye makaranta, ta ɗauki kuɗin tara ta shiga gidan kallo, ko ta tsaya inda ake ɗauka tana roƙon a sa ta. Mahaifinta bai so ba ko kaɗan, don a wurin mutanensu wasan kwaikwayo ba sana'ar 'yar mutunci ba ce. Amma abin ya riga ya shiga ranta. A 1919, tana da shekara 14, ta fito cikin taron mata masu riƙe da fitila a fim ɗin The Red Lantern, ko sunanta ba a rubuta ba. A 1921 ta bar sakandare ta rungumi sana'ar. A 1922, tana da shekara 17, aka ba ta jagorancin The Toll of the Sea, ɗaya daga cikin finafinan farko masu launi na kamfanin Technicolor. Ta fito a matsayin yarinyar Sin da ta ceci wani Ba'amurke daga teku, ta haifa masa ɗa, ya tafi ya auri 'yar ƙasarsu, ita kuma ta hallaka kanta. Jaridu sun yaba mata ƙwarai. A 1924 kuma ta fito a matsayin kuyanga mai leƙen asiri a The Thief of Bagdad na Douglas Fairbanks, sunanta ya zaga duniya.

To, daga nan ne aka gindaya mata katanga. A jihar Kalifoniya doka ta hana aure tsakanin farar fata da ɗan Asiya, kuma ba a soke ta ba sai 1948. Masu tace finafinai ba sa yarda a nuna soyayya ta kai ga aure tsakanin jarumi Bature da macen da ba Baturiya ba. Jarumai maza kuwa kusan duk Turawa ne. Ka ga ke nan an rufe mata ƙofar zama babbar jaruma tun kafin ta ƙwanƙwasa. In labari ya bukaci jaruma Basiniya, sai a ɗauko Baturiya a shafa mata kwalliya a ja mata gefen ido, ita kuwa Basiniyar gaske a ba ta baiwa, ko makira, ko wadda za a kashe kafin a tashi. Haka aka yi a Mr. Wu na 1927, inda Renée Adorée 'yar Faransa ta fito a matsayin 'yar Sin, haka kuma a The Crimson City na 1928, inda aka ba Myrna Loy.

Ba ta zauna ta naɗe hannu ba. Tun a 1924 ta kafa kamfaninta don ta shirya finafinai daga tatsuniyoyin Sin, amma abokin haɗin gwiwarta ya ci amana, kamfani ya rushe bai fitar da ko ɗaya ba. Mu 'yan kasuwa mun san wannan ciwo, mun kuma san abin da ya biyo baya. Wanda ba shi da rumfa, abin da mai rumfa ya ɗora masa shi zai yi talla, ko yana so ko ba ya so.

Da ta gaji, sai ta haɗa kayanta a 1928 ta nufi Turai. Da yake fim ba ya magana, rashin jin yare bai hana ta aiki ba. A Jamus wani mai shirya fim, Richard Eichberg, ya ba ta jagorancin Song a 1928. A 1929 ta yi Piccadilly a Landan, inda ta fito a matsayin Shosho, mai wanke-wanke a gidan rawa wadda ta zama tauraruwar gidan. Shi ne fim ɗinta na ƙarshe marar magana, kuma masana da yawa suna ganin a nan ta fi nuna gwaninta. A shekarar ta hau dandamali a Landan tare da Laurence Olivier, lokacin yana matashi. Da murya ta shigo, 'yan wasa da dama sun faɗi, ita kuwa ta zauna ta koyi Jamusanci da Faransanci, har a 1930 ta yi fim ɗaya, The Flame of Love, sau uku da bakinta, da Turanci da Jamusanci da Faransanci.

Ta koma Amurka a 1930 da sunan da ta yi a Turai, a ƙarshen shekarar kuma mota ta kaɗe mahaifiyarta ta rasu. A Hollywood ta tarar ba abin da ya sake. A Daughter of the Dragon na 1931, inda ita ce ke ɗauke da labarin, dala 6,000 aka biya ta, aka ba Sessue Hayakawa ɗan Japan dala 10,000, shi kuwa Warner Oland, Baturen Suwidin da ya yi shigar Basine ya fito na ɗan lokaci, ya karɓi dala 12,000. A 1932 ta fito tare da Marlene Dietrich a Shanghai Express. Babban ciwon ya zo a 1935, lokacin da kamfanin MGM ya tashi mai da littafin Pearl Buck, The Good Earth, ya zama fim. Labarin manoman Sin ne tsantsa, kuma kowa ya san wadda ta dace da matsayin uwargida O-Lan. Amma an riga an ba Bature, Paul Muni, matsayin mijin, don haka aka ba Luise Rainer haifaffiyar Jamus, wadda ta ci kyautar Oscar da shi bayan fim ya fito a 1937.

A 1936 Anna ta tafi ƙasar Sin, karo na farko a rayuwarta, don ta ga mahaifinta wanda ya koma ƙauyensu a 1934, ta kuma koyi wasan gargajiyar can. A lura da wannan: ita da aka haifa a Amurka, kafin ta fita sai ta nemi takarda ta musamman daga ofishin shige da fice, wadda aka tanada don jinin Sinawa, in ba haka ba ana iya hana ta dawowa garin haihuwarta. A can ɗin kuma, ko da yake manyan 'yan wasa irin su Mei Lanfang sun karɓe ta da girmamawa, jaridu da jami'an gwamnati sun yi mata ca, wai ta zubar da mutuncin matan Sin a idon duniya. Yaren Taishan da ta tashi da shi ba shi ne na manyan birane ba, har sai da ta nemi tafinta. Ita da kanta ta koka cewa a Sin an ce ta cika zama Ba'amurkiya, a Amurka kuma an fi son wani jinsi ya fito a matsayin Basine. Gaba kura, baya sayaki.

Duk da haka ba ta juya wa mutanenta baya ba. Da Japan ta auka wa Sin a 1937, ta yi gwanjon tufafinta na wasa ta aika da kuɗin. A 1942 ta ba da ladan finafinai biyu, Bombs over Burma da Lady from Chungking, ga asusun agajin Sin. Amma da uwargidan shugaba Chiang Kai-shek ta zo Los Anjalis a 1943 neman taimako, aka tara taurarin Hollywood don tarbarta, ba a gayyaci Anna ba. A wannan shekarar ce aka soke dokar 1882, bayan shekara 61.

Da aiki ya ja baya, abin da ya rufa mata asiri shi ne gidan da ta saya a Santa Monika ta raba shi ta zuba 'yan haya. A 1951 ta jagoranci wani shirin talabijin mai suna The Gallery of Madame Liu-Tsong, wanda shi ne na farko a Amurka da jinin Asiya ya jagoranta. A 1960 aka sa mata tauraro a titin girmamawa na Hollywood. Ta rasu da ciwon zuciya ranar 3 ga Fabrairu, 1961, tana da shekara 56, ba ta taɓa aure ba, bayan ta fito a finafinai fiye da 60. Sai a 2022, shekara 61 bayan rasuwarta, Amurka ta buga hotonta a jikin tsabar kuɗi ta senti 25, ta zama jinin Asiya ta farko da ta sami wannan.

Jama'a, ba mun kawo wannan tarihi ba ne don mu ce 'ya'yanmu mata su shiga wasan sinima. Addininmu da al'adarmu sun shata mana iyaka, kuma muna tare da su. Abin da ya tsaya mana a rai daban ne. Matar nan ƙi biyu ta sha. Na farko daga masu ƙasa, waɗanda doka da jari ke hannunsu. Na biyu daga danginta, waɗanda suka tuhume ta kan rigar da ba ita ta ɗinka ba, ba su kuma taɓa haɗa kuɗi sun ba ta ta ɗinka wata ba.

Sabon Ibadan tun 1916 aka kafa shi, akwai gidajen da jika da tattaɓa-kunne duk a nan aka yanke musu cibi. Mun san abin da yaro kan sha in ya je neman takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma don makaranta ko aiki. A nan a ce ya tafi jiharsu, in ya je Arewa a yi wa Hausarsa dariya a ce ɗan kurmi ne. Gyaran na farko sai a hankali, da dagewa da zaman lafiya da maƙwabta. Na biyu kuwa a hannunmu yake tun yau. Mu kai yara gida su san dangi tun suna ƙanana, mu riƙe musu Hausa da karatu, in kuma ɗayansu ya fito da wata baiwa ta halal, ƙungiya ta tsaya masa da aljihunta tun yana raye yana bukata. Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu zaman lafiya a inda muke.