Daga madugu zuwa ofishin lasin a Tamale

Kafin mota ta shigo ƙasar Dagomba, madugu ne mai hukunci a kan hanyar goro ta Salaga. Fatake ne ke zaɓensa, shaidarsa kuwa sanin rijiya, da mashigar ruwa, da sarkin da za a biya fito. Turawa suka mai da Tamale hedikwatar Arewa a 1907, daga baya motoci suka fara tasowa daga Kumasi suna haye kogin Volta a Yeji, sai hukunci ya koma hannun mai kaki. A 1952 aka ware wa 'yan sanda sashen kula da zirga-zirga, wanda yau ake kira MTTD.

An daɗe duba mota da ba da lasin suna hannun wani sashe na ma'aikatar gwamnati, VELD, har 1999, lokacin da doka mai lamba 569 ta kafa DVLA a matsayin hukuma mai majalisar gudanarwarta. Albashi ma ya motsa. A 2010 aka shigo da tsarin albashin bai ɗaya, kuma 'yan sanda aka fara ɗorawa a kai, da fatan hannun da ake miƙawa ta tagar direba a shinge zai koma aljihu. Direbobin hanyar Bolgatanga za su gaya maka bai koma duka ba.

Inda abin ya fi damuna shi ne naɗi. Sashe na 195 na tsarin mulkin 1992 ya bar naɗa shugabannin irin waɗannan hukumomi a hannun shugaban ƙasa, bisa shawarar majalisar gudanarwa. A aikace, gwamnati na sauyawa kujera na sauyawa, alhali sanin birki da sitiyari ba a kamfen ake koyonsa ba.

Tamale kuma garin babur ne. Tsaya a bakin kasuwar Aboabo da hantsi: mace a kan babur, goyo a baya, buhun masara a gaba, kai babu hular kwano, ga keken yalo-yalo mai ƙafa uku na kutsawa ta gefenta. Ƙa'idojin hanya na 2012 sun haramta ɗaukar fasinja don kuɗi a babur da keke mai ƙafa uku, amma gari bai daina hawa ba.

Jami'in lasin da za a turo nan, a gwada shi a kan injin babur kamar yadda ake gwada shi a kan takarda, ya iya Dagbani ko Hausa, kuma a biya shi abin da zai riƙe gidansa.