Aljihu da kibiya a wutar Tasawa

Wutar da NIGELEC ke rabawa a jihar Maraɗi, wadda layin Katsina zuwa Gazawa ya daɗe yana kawowa, ba ta bin hanya guda: sau 50 a kowace daƙiƙa take zuwa ta komo. In aka zana ta a allo, layi ne mai hawa da gangara, wanda ɗan lise a Tasawa ko Mayahi ya sani da sunan sinusoyid.

Sunan nan ya sha tafiya. Masana taurari na Indiya sun kira wani tsawo da suke aunawa cikin da'ira "jiwa", wato tsirkiyar baka. Larabawa suka rubuta shi da jim, ya da ba, babu wasali, aka wayi gari ana karanta shi "jaib". A ƙarni na 12 masu fassara suka mai da shi "sinus" a Latin. Daga wannan "al-jaib" ɗin Hausa ta samo aljihu.

Lissafi da layin sinusoyid yana da wahala, shi ya sa aka taƙaita shi zuwa kibiya mai juyawa. Makarantun Nijar suna jingina ta ga Fresnel, Bafaranshen da ya yi nazarin haske ya rasu a 1827. A Kano da Zariya kuwa fezo ake cewa, kuma wani injiniya mai suna Steinmetz ne ya yaɗa lissafinta da lambobin zato a wani taro da aka yi a Chicago a 1893. A lambobin zato, injiniyoyi suna rubuta j a madadin i, domin i ta riga ta zama alamar gudun wuta.

Kibiyar abu biyu kawai take riƙewa, girma da kusurwa. Ta ajiye saurin juyi, tunda duk wutar layin da sauri ɗaya take juyi. A ce an ba ka volt 220 a kusurwar digiri 30. Ninka 220 da 1.414, ka sami ƙololuwa 311. Dawo da saurin juyin, 2π sau 50, wato 314. Ga amsa: 311 cos(314t + 30°), inda t ke nufin lokaci. Komawa kuwa, raba 311 da 1.414, ka riƙe kusurwar, ka cire t.

Ina roƙon malamanmu su fara da kibiya da juyinta, da Hausa, kafin su kawo sunan Fresnel. Yaron da ya gane abin da kibiyar ta riƙe da abin da ta ajiye ba zai manta 1.414 a jarrabawa ba.